Buhu Dubu Goma, Ba Miya

Ni dai tun ina yarinya dariya ce cutata. An kore ni daga aji saboda ita. Ranar aurena sai da aka tsaya jirana in gama. Ranar da mijin ya kwashe kayansa ya bar ni ma sai da na dara, don ya fita da silifas ɗina a ƙafa ɗaya bai sani ba. To wai ni ce Inna ta zaɓa in wanke ta in sa mata likkafani. Duk ƙauyen Solmi ba wanda ya ji labarin bai riƙe baki ba.

Abin ya faro ne ranar da muka dawo daga asibiti a Andong. Likita ya ce abin da ke cikinta ya wuce a yi aiki, a kai ta gida ta ci duk abin da ranta ke so. Ina tuƙi ina haɗiyar kuka, ita kuwa tana bayan mota tana ɓare gasasshen dankali.

"Ke Hyang-suk," in ji ta, "wa ke wankan gawa yanzu a zauren jana'iza na gunduma?"

"Haba Inna."

"Tambayarki na yi."

"Malam Bong ne da mutanensa biyu."

"Duk maza?"

"Duk maza."

"Wane Bong? Du-sik na gidan mai niƙa? Wanda akuya ta kora har cikin rafi?" Ta yi ƙwafa. "To ba zai ga gwiwata ba."

Wannan gwiwa kuwa tana da labari. Inna masaƙiya ce, tun tana budurwa take tsaga rama da haƙori, tana murza zaren a kan gwiwarta ta dama. Shekara da shekaru ana murzawa, fatar ta yi kanta, ta yi baƙi, ta yi kauri. Mutane na zuwa daga Seoul sayen yadinta, amma ita ba abin da take jin kunyarsa a duniya kamar gwiwar nan. Ko a gidan wanka na mata da tawul take rufe ta.

"Ubanki ma bai taɓa ganinta da rana ba," ta ce. "Da, matan unguwa ke yi wa mace wanka a ɗakinta. Yanzu an ce sai a zaure, kuma sai mai lasisi. To ki je ki samo lasisin."

"Inna, na haura hamsin. Taliya nake sayarwa."

"Wadda ta iya naɗe ƙullun taliya ba za ta kasa naɗe tsohuwa ba. Zan jira ki. Amma kada ki yi nawa, ba ni kaɗai ke da ta cewa a maganar ba."

Haka na rufe shago na shiga makarantar koyon aikin jana'iza, cikin yaran da na haifi sa'anninsu. Tsarin hawa uku ne. Da farko zaman aji: doka, tsafta, har da yadda ake ɗura wa gawa magani idan baƙo ne za a mayar ƙasarsu a jirgi. Sai jarrabawar hannu a kan mutum-mutumin roba. Wanda ya ci, a tura shi wani zauren jana'iza ya yi koyo a ƙarƙashin mai lasisi, sannan hukumar lardi ta ba shi nasa. Malamarmu, Malama Seol, na rantse tunda aka haife ta haƙoranta ba su taɓa shan iska ba. Mutum-mutumin kuwa ɗaya ne ga dukanmu, ɗalibai na kiranta Goggo Shiru, kuma kafin layi ya zo kaina an tashi.

Na kai kuka gida. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Roba kike nema ga ni kwance ba aikin fari ba na baƙi? Sauko mini da akwatin can na kan sif."

Likkafaninta ne a ciki, saƙar hannunta, ɗinkin hannunta: wando ciki da waje, siket, riga, babbar riga ta sama, safa, marufin hannu, marufin fuska, har da takalman yadi masu fure. Na ce ai ba a wasa da wannan. Ta ce bana akwai watan ƙari, wato wata na sha uku a lissafin tsofaffi, kuma a watan ƙari masu sa ido na sama da na ƙasa duk hutu suke, ko gawa ka rataye kai ƙasa ba abin da zai faru, haka kakarta ta ce. Watan ƙari ya zo ya wuce, mu ba mu fasa ba. Inna ta ce ai ba su san an dawo aiki ba.

Kafin ka ce kwabo labari ya kai zauren tsofaffi. Aminanta biyu suka ajiye karta suka taho. Goggo Jeom-rye, wadda kunnenta ya yi nauyi har take magana kamar tana kiran wani a ƙetaren rafi, da Goggo Mal-sun, wadda duk aka gama karta da ita sai an sami ɗaya a ƙarƙashin cinyarta. Suka naɗa kansu masu makoki. Su zauna a bakin ƙofa da farantin kankana, su yi "wayyo, wayyo" sau biyu uku, su ciji kankana, su ci gaba.

"Kukanki ba armashi," Inna za ta ce daga ƙarƙashin mayafi. "Mal-sun, da bakinki cike za ki raka ni?"

"Gawa ba ta magana."

"Wannan tana yi."

Aikin yana da ƙa'idoji, kuma kowace sai da Inna ta mayar da ita abin faɗa. Ana rufe mamaci da mayafi, hannu ne kawai ke shiga ƙarƙashi ya goge ya sa tufa, ido ba ya ganin fata ko kaɗan. To Inna cakulkuli take ji. Da na kai auduga tafin ƙafarta sai ta harba, sau ɗaya har ta zubar mini da kwanon ruwan tazargade. Idan na iso gwiwar dama kuwa sai ta janye ta, ko a ƙarƙashin mayafin. Riga ana rufe ta ne saɓanin ta masu rai, ni kuwa hannuna ya saba da tawa. Igiya ba a ƙulla ta, murɗawa ake yi a soke, don kada mamaci ya tafi da ƙulli a ransa.

"Kin ƙulla," ta ce. "Ina ji a haƙarƙarina. So kike in je can ina jin haushinki?"

Sai babbar ƙa'ida, wadda ba a rubuta a littafin makaranta ba amma kowace tsohuwa ta sani: hawaye ba ya ɗiga a kan likkafani. Ɗigo ɗaya, in ji su, nauyi ne a kan matafiyi, sai ya yi ta waiwaye ya kasa tafiya.

"Shi ya sa na zaɓe ki, ban zaɓi matar yayanki ba," Inna ta ce. "Waccan ko kaza aka yanka sai ta jiƙa hankici. Ke kuwa ba ki iya komai ba sai washe baki."

Na ƙarshe kafin a rufe fuska shi ne guzuri. A jiƙa ɗanyar shinkafa, a ɗiba da cokalin itace sau uku a sa a bakin mamaci, ana faɗa da murya: buhu ɗari ne, buhu dubu ne, buhu dubu goma ne. Ranar farko da na gwada, na daidaita murya kamar ta Malama Seol, na ce, "Buhu ɗari ne." Inna ta buɗe baki ta karɓa. "Buhu dubu ne." Ta karɓa. "Buhu dubu goma ne." Ta yi shiru, ido rufe, har na fara jin tsigar jikina na tashi. Sai na ji ƙurus-ƙurus tana tauna.

"Gaya?" ta ce. "Ina miyar?"

Na faɗi a daɓe. Goggo Mal-sun ta ƙware da kankana. Goggo Jeom-rye ba ta ji ba, sai da aka maimaita mata da ƙarfi, ta yi tata dariyar ita kaɗai bayan kowa ya gama, mu kuma muka sake sabuwa. Daga ranar nan ya zama doka. Duk gwaji, in na ce buhu dubu goma, sai Inna ta nemi miya. Na roƙe ta ta daina, ta ce wa ya taɓa yin tafiya mai nisa da shinkafa gaya.

Ranar jarrabawa ta zo. Na shiga da farar riga da safar hannu, Malama Seol da wani baƙon malami suna zaune. Na gaida Goggo Shiru, na goge ta, na sa mata tufafi. Kai, roba akwai daɗin sha'ani, ba harbi ba gardama. Riga ta rufu daidai, igiya ba ƙulli ko ɗaya. Na ɗauki cokali. Buhu ɗari ne. Buhu dubu ne. Buhu dubu goma ne. Sai na tsaya ina jira, ban ma san jira nake ba. Goggo Shiru ta zuba wa silin ido, bakinta a ɗan buɗe, kamar mai shirin tambaya.

Na danne. Na ciji leɓe. Abin ya fito ta hanci, da wata ƙara irin ta butar shayi. Daga nan kuma sai Allah ya kyauta, na durƙusa na riƙe ƙafar tebur, tebur na girgiza, Goggo Shiru na girgiza, shinkafa na zubowa daga bakinta.

Malama Seol ta jira har na gama. "Malama Pyo," ta ce, "a gaban 'ya'yan mamaci za ki yi wannan?"

An kayar da ni. Sai zagaye na gaba, bayan an gama tsinkar tuffa.

Na daɗe a mota a ƙofar gida na kasa shiga. Da na shiga na faɗa, Inna ta yi dariya har ta dafe ciki, har na ga gumi ya keto mata, na gane ba dariyar kaɗai ba ce. Da ta lafa ta ce, "To, sai in ƙara miki lokaci." Ta ƙara da cewa, "Amma ki sani, 'yar nan, jiran da ciwo."

Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba. Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Inna."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar mana."

A zagaye na biyu Goggo Mal-sun ce ta ba ni dabara. Ta ce in ɓoye busasshen barkono a kumatu, da na ji dariya ta taso in tauna. Ita da ɓoye-ɓoye ai gwana ce. Na tauna kuwa tun a buhu dubu. Wuta ta kama mini baki, ido ya kawo ruwa, na yi ta ɗaga kai sama don kada ya ɗiga. Baƙon malamin ya ce bai taɓa ganin ɗaliba mai tausayin mamaci irina ba. Na ci jarrabawa.

Aka tura ni koyo zauren gunduma, wurin Malam Bong Du-sik. Dogo ne siriri, kullum cikin baƙar kwat, yana tafiya kamar wanda ke ɗauke da kwanon da ya cika. Labarin dariyata ya riga ni isa.

"Doka ta yarda mai koyo ya sa hannu idan mai lasisi na tsaye a kansa," ya ce mini ranar farko. "Ta yarda ne, ba ta ce dole ba. A zaurena ido naki ne, hannu nawa. Ki riƙe tire."

Na riƙe tire. Na miƙa auduga, na miƙa takarda, na share ƙasa. Na gaya masa maganar Inna, ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma a'a. Ɗa ba ya naɗe mahaifinsa, hannu rawa yake yi. Balle ɗan da ba shi da lasisi, balle ni. Na so in ƙwala masa tiren a ka. Lasisi kuwa ko na gama koyo ba zai fito ba sai sanyi ya wuce, ga Inna kullum ƙara shigewa take cikin katifa. Cokali uku na kunu ya zama abincinta. Wata safiya ina taje mata kai ta ce, "Ba zan kai ba, Hyang-suk." Haka kawai, kamar mai cewa za a yi ruwa.

Duk da haka ba ta yarda an bar gwaji ba. Ran wata Lahadi da rana muka shirya ta tsaf, har na rufe mata fuska na ɗaure hannuwa. Goggo Jeom-rye ta kunna tazargade tana gasa ƙugunta, hayaƙi ya cika ɗaki. Su biyun suna bakin ƙofa suna "wayyo, wayyo", kuma ranar sun dage, don Inna ta ce wadda ta fi iya kuka ita za ta gaji tukunyar wutar dafa shinkafa.

Ashe Malam Bong ya taho dubiya da kwalin fiya a hannu, da niyyar ya ba Inna haƙuri da bakinsa. Ya shigo tsakar gida ya ji kuka. Ya leƙo ya ga hayaƙi, ya ga mutum a miƙe cikin rama, fuska a rufe. Na buɗe baki zan yi magana, Goggo Mal-sun ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau ina jinsa in an yi sanyi.

Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa cikin wannan aiki, jikinsa ba ya jiran umarni. Ya ajiye kwali, ya cire takalmi, ya gyara kwat. Ya haɗa hannu ya faɗi, goshi har ƙasa. Ya miƙe. Ya sake faɗi. Mai rai sau ɗaya ake yi masa, biyu na mamaci ne, ko yaron goye ya san haka. Su Goggo suka ƙara wa kukan wuta.

Ya tashi ya juyo kaina, fuska a murtuke, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya ba ki izini? Likita ya zo? Kin san abin da kika jawo wa kanki?" Sai idonsa ya koma kan aikin, don ba ya iya kau da kai daga aiki. Ya sunkuya ya taɓa igiyar kafaɗa da ɗan yatsa. "Ga wannan ma ta yi sako-sako."

"Nima na gaya mata," in ji gawa.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Malam Bong ya yi baya, ya taka kwalin fiya, ya zauna daɓas a cikin farantin kankana. Fiya suka yi ta gangarawa har tsakar gida. Ni ban san lokacin da na kwanta a ƙasa ba. Goggo Jeom-rye tana tambaya da ƙarfi, "Me ta ce? Me ta ce?" Goggo Mal-sun kuwa sai dukan daɓe take yi.

"Buɗe mini fuska," Inna ta ce. Na rarrafa na buɗe. Ta juya ido ta dubi Malam Bong. "Du-sik."

"Na'am, Inna."

"Sau nawa ka faɗi?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Inna, ni ban..."

"Mal-sun, sau nawa?"

"Biyu. Cif. Ya ma ƙara da ɗan rusunawa."

"Ni da raina," Inna ta ce. "Ina kwance a ɗakina ina hutawa, mai jana'izar gunduma ya zo har gida ya yi mini gaisuwar matattu. Jeom-rye, gobe in kin je zauren tsofaffi kada ki faɗa wa kowa."

"In faɗa wa kowa?" Goggo Jeom-rye ta ce, har kare ya yi haushi a maƙwabta.

Malam Bong ya durƙusa, ruwan kankana na bin wandonsa. Ya ce a yafe masa, ya ce zai sake gaisuwar sau ɗaya yadda ya kamata. Inna ta ce ɗaya a kan biyu uku ke nan, ita ba sarki ba ce ba kuma gunkin haikali ba.

"Gaisuwa ba a kwance ta," ta ce. "Ka riga ka sallame ni. Naka ya ƙare tsakanina da kai." Muryarta ta sauka, wasan ya fita daga cikinta. "Na san aikinka kake karewa, kuma ba ka yi laifi ba. Amma ni mace ce da ta yi rayuwarta a rufe. Ina da abin da ba na so namiji ya taɓa, ko ɗan da na gani ba wando. Doka ta ce ka tsaya a kanta. To ranar nan ka zo da idonka, ka bar hannunka a gida."

Malam Bong ya ce, "Idan ta yi dariya fa?"

"Idan ta yi kuka, sannan ka kore ta."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Inna ta ce tunda ya zo sai ya zauna a sake daga farko ya gani, ya gyara mini igiyar kafaɗa da baki. Ya zauna kuwa, a jiƙe, har muka kai buhu dubu goma, Inna ta nemi miyarta. Kowa ya dara ban da shi. Ko gezau fuskarsa ba ta yi ba.

Inna ta tafi da safe, washegarin dusar ƙanƙara ta farko. Ta ce in buɗe taga ta gani, ta ce an yi wa duwatsu likkafani amma ɗinkin bai kai nata ba. Na je ɗauko kunu, na dawo na tarar ta gama jira.

Rana ta biyu ce ranar sa tufa. Yayana Yeong-dal ya iso daga Seoul da matarsa, suna tsaye a zauren jana'iza bayan gilashi tare da su Goggo da sauran dangi. Na shiga ɗakin na ɗauki tirena, don har lokacin Malam Bong bai ce mini komai ba. Ya sallami mutanensa biyu. Ya karɓi tiren daga hannuna ya ajiye a gefe. Sannan ya koma wajen kan gadon ya tsaya, ya mayar da hannuwansa baya ya haɗa su.

"Mai koyo Pyo," ya ce, "ga idona."

Na sa hannu ƙarƙashin mayafi. Na goge tafin ƙafa ina jiran harbi, ba harbi. Na hau sama a hankali har na iso gwiwar dama. Karo na farko a rayuwata ba ta janye ba. Na dafa ta da tafin hannuna gaba ɗaya, kauri da kaushi, abin da ya ciyar da mu ya kai Yaya jami'a. Na goge ta sau biyu, na ja wando na rufe. Ba wanda ya gani, ko ni ban gani ba.

Daga nan ne abin ya fara taso mini. Ba dariya ba, ɗayan. Na rufe riga saɓanin ta masu rai, na murɗa igiya na soke, na ja ta kafaɗa da kyau.  Ina jin ruwa na taruwa a idona, kuma aikin duk a sunkuye ake yin sa, rama na nan a ƙasan fuskata. Ina kewarta, ga ta a hannuna amma ina kewarta, kuma ina tsoron in ɗora mata nauyi a ƙofar fita bayan duk jiran da ta yi.

Na ɗauki cokalin itace. "Buhu ɗari ne." Muryar ta fito da ƙyar. "Buhu dubu ne." Na ɗibo na uku. "Buhu dubu goma ne."

Na tsaya. Jikina ya saba da tsayawa a nan. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin sanyi. Bayan gilashi ina ganin bakin Goggo Mal-sun na motsi, amma gilashi ba ya barin murya ta shigo. Hawayen ya zo bakin ido ya tsaya, ƙiftawa ɗaya ta rage.

Sai na ji an yi gyaran murya a wajen kan gado. Malam Bong yana nan yadda yake, hannu a baya, ido a bango, fuska kamar ta mai karanta sanarwa.

"Gaya?" ya ce. "Ina miyar?"

Ta ƙwace mini. Na jefa kai baya, na yi ta har sai da na riƙe ƙugu, hawayen duk suka bi gefen ido suka gangara cikin kunnuwana. Bayan gilashi Yaya ya saki baki, matarsa ta toshe nata da hankici, Goggo Mal-sun ta zame ta zauna a ƙasa, Goggo Jeom-rye na jijjiga ta tana tambayar me aka ce. Malam Bong ya miƙo mini tawul ba tare da ya dube ni ba. Na goge fuska tas, na duba ramar daga sama har ƙasa. A bushe take. Na rufe mata fuska, na sa mata takalmanta masu fure.

Da muka fito Yaya ya tare ni zai yi faɗa, na ce ya bari tukuna, ina da aike. Na wuce ɗakin cin abinci inda ake zuba wa masu ta'aziyya miyar nama mai yaji. Na ce wa mai rabo ta cika mini kwano, ta tsamo daga ƙasa inda naman yake. Na kai gaban hoton Inna, na matsar da furanni, na sauya wa shinkafa da miya wuri yadda ake yi wa waɗanda suka tafi. Na faɗi sau biyu.

"Ga miyar, Inna," na ce. "Ki bi a hankali, da zafi."